Tsohuwa Mai Shan Gas

Daga Kwatano ta biyo hanya, ta yada zango a Kamba.
Na je sayen taki, na dawo da mota.
Dillali ya ce, “Malam Nomau, gas fa take sha.”
Na ce ko kunu take sha, in dai za ta kai ni Bunza.

Kakale maƙwabcina ya zagaya ta sau biyu,
ya sunkuya ya shinshina salansa,
ya ce, “Injin niƙa ne aka sa wa kujeru.”
Tasa mai fetur ce, ja, mai laushin murya,
ana murɗa makulli ta amsa,
kamar ɗan aike da ya hango tukwici.

Tawa sai da lallashi.
Da asuba in murɗa rabi, in dakata,
in jira ’yar fitila mai kama da tsutsa ta mutu,
in yi salati uku,
sannan ta yi tari, ta yi kaki, ta girgiza ƙofofi,
kajin Inna Hantsi su watse,
baƙin hayaƙi ya bi shanyar mutane yana gaisuwa.
Ba ni da sirrin tafiya, unguwa duk ta sani.

Amma a ba ta hanya!
Bunza zuwa Yawuri, buhu shida na shinkafa a baya,
allurar mai ta ɗan rusuna kawai,
gaisuwar mai girman kai.
Kakale ya wuce ni a Jega yana ɗaga hannu,
na iske shi a Koko, a layin gidan mai, yana fifita da hula.

Shekarar da na saye ta, gas ne mai arha.
Sai ya fara hawa,
ya hau har na daina tambaya, sai dai in miƙa kuɗi in kau da kai.
Ni da tireloli muke bakin famfo guda,
akuya a mashayar raƙuma.
Kakale ya yi dariyar shekara biyu cur,
sannan nasa ma ya bi sawu.
Ranar bai fito hira ba.

In tasa ta yi mura,
kowace bishiyar dalbejiya da bakanike a gindinta,
a goge fulogi, a hura, a tashi.
Tawa ba ta cika ciwo ba,
amma ranar da ta kwanta
sai Gado mai injekta, can Birnin Kebbi,
nozul ɗaya, kuɗin tunkiya da ɗanta.

Abu guda ban taɓa gaya wa Kakale ba.
In noman rani ya kama,
injinan ban-ruwa suka buɗe baki a fadama,
ƙannensa na zuwa da tiyo da jarka,
“Yaya, lita biyu, gobe in mayar.”
Gobe ba ta taɓa zuwa ba.
Ni kuwa tankina ba ya da dangi.

Sai ranar da jikana Bagudu ya karɓi albashin farko.
Ya so ya faranta mini,
ya sayi galan biyu wurin ’yan bumburutu,
ya ɗura mata da dare, bai faɗa wa kowa ba.
Fetur ne.
Ta kai ni bayan gari, ta yi shaƙuwa,
ta yi wata ƙara da ban san ta da ita ba, ta yi shiru.
Yaron na gefena, murmushi bai gama barin fuskarsa ba.
Me zan ce masa?
Na ce, “Allah ya yi albarka. Sauka mu tura.”

Kakale ne ya zo da igiya.
Bai yi dariya ba, sai dai kafaɗarsa ta ɗan motsa.
Jar motarsa na nishi a gaba, tsohuwa na bi a baya,
muka shiga gari a giya ɗaya, yara na tafi.
A ƙofar gida ya kwance igiya, ya naɗe ta a gwiwar hannu,
ya ce, “Lita uku na ƙone, Nomau.”
Na ce, “Gobe in mayar.”